Turbar Alfadarai Da Ta Gagari Kwalta

A cikin ra'ayoyin da ɗalibin jami'a kan taso da su daga gida, ya zo aji ya ƙara musu ƙarfi, akwai guda wanda ba safai ake tsayawa a bincike shi ba, watau cewa duk hanyar da ba a malala wa kwalta ba hanya ce da ba a gama ba, kuma duk mutumin da aka gani bisa keke mutum ne wanda bai tara kuɗin babur ba tukuna. Mu a namu ganin wannan ra'ayi yana bukatar gyara. Da yake kuwa daga cikinmu ne za a fitar da injiniyoyi da masu tsara garuruwa da manyan ma'aikatan da za su riƙa sa hannu a takardun kwangila nan da 'yan shekaru kaɗan, ya kamata a yi gyaran tun muna nan, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Hujjarmu za mu ɗauko ta ne daga wata siririyar hanya ta ƙasa da tsakuwa a Amurka, da wani ƙaramin gari da ke bakinta, da kuma irin keken da ake yayin hawa a kanta a yau.

Kafin zuwan jirgin ƙasa, hanya mafi araha ta ɗaukar kaya masu nauyi a Turai da Amurka ita ce ruwa. Inda babu kogin da jirgi zai iya bi, sai a haƙa masa nasa, a jawo ruwa a cika, irin abin nan da manoman rani na Kura da Kadawa ke kira kanal, sai dai su nasu don jiragen dako aka yi shi. Jiragen nan ba su da inji, dabbobi ne ke jan su da doguwar igiya daga bakin gaɓa. Saboda haka duk inda aka haƙa kanal, tilas ne a shimfiɗa turba a gefensa tun daga farkonsa har ƙarshensa, wadda dawaki ko alfadarai za su bi suna ja. Ita wannan turba tana da halaye guda biyu da suka zame mata dole: ba ta da tudu mai tsanani, tun da ruwa ba ya hawan tudu, kuma ba ta yankewa ko'ina, tun da in ta yanke jirgi ya tsaya ke nan.

Wanda muke magana a kansa shi ne kanal ɗin Chesapeake da Ohio, wanda ke bin gefen Kogin Potomac daga birnin Washinton zuwa garin Cumberland a Jihar Maryland, tsawon mil 184 da rabi, watau kimanin kilomita 297. Shugaban Amurka na lokacin, John Quincy Adams, shi ya fara sara ƙasar ran 4 ga Yuli, 1828. Abin mamaki, a wannan rana ce kuma aka aza harsashin layin dogo na Baltimore da Ohio, wanda shi ma can yamma ya nufa. Dogo ya isa Cumberland a 1842, kanal bai isa ba sai a 1850, watau tun ran da aka buɗe shi an riga an tsere masa da shekara takwas. Duk da haka aikin ba ƙarami ba ne. An gina masa matakalan ruwa 74, waɗanda ake rufe jirgi a ciki a ɗaga shi ko a sauke shi da ruwa, da gadoji 11 masu ɗauke da ruwan kanal ɗin su ƙetare da shi bisa wasu rafuka, da kuma wani rami da aka huda cikin dutse a wurin da ake kira Paw Paw, mai tsawon ƙafa 3,118, wanda ya ci shekara 14 ana aikinsa.

Kwal shi ne babban kayan da jiragen suka riƙa saukowa da shi daga duwatsun yamma, jirgi guda yana ɗaukar fiye da tan ɗari. Alfadarai biyu na ja, biyu na hutawa a wani ɗan barga da ke gaban jirgin, ana musanya su. Sau da yawa iyali guda ne ke zaune cikin jirgin, uba na riƙe da matuƙi, 'ya'yansa ƙanana na tafe a ƙasa suna kora dabbobin, dare da rana, har kwana biyar ko fiye kafin a kai Washinton. Kasuwar ta yi tashe a shekarun 1870, sa'an nan ta soma ja da baya. Ambaliyar 1889 ta karya kamfanin, ta 1924 kuwa ta ƙarasa shi, aka daina jan jirgi ɗungum. A 1938 gwamnatin tarayyar Amurka ta saye kanal ɗin da filinsa a kan dala miliyan biyu, ruwa ya ƙafe a yawancinsa, itatuwa suka tsiro a cikin kwarin, turbar alfadarai kuma ta zauna ba mai bin ta sai masunta da maharba.

Nan ne labarin ya zo inda ya shafe mu. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da Amurka ta duƙufa wajen gina manyan tituna, sai aka kawo shawarar a binne wannan kufai a shimfiɗa titin mota a kansa, domin mutanen birni su riƙa kallon kogin ta tagar motocinsu. Shawarar ba ta wawaye ba ce. Filin na gwamnati ne, a baje yake, ba a bukatar biyan diyya, kuma garuruwan yammacin Maryland suna neman abin da zai kawo musu baƙi. A watan Janairun 1954 jaridar Washington Post ta rubuta sharhi tana goyon bayan titin. Sai wani alƙalin Kotun Ƙolin Amurka, William O. Douglas, ya aika wa jaridar da wasiƙa yana ƙalubalantar waɗanda suka rubuta sharhin su zo su taka turbar da ƙafa tare da shi, daga wannan kai zuwa wancan, su ga abin da suke shirin binnewa. Editoci biyu, Merlo Pusey da Robert Estabrook, suka karɓi gayyatar. Ran 20 ga Maris, 1954, mutum 58 suka tashi daga kusa da Cumberland, suka yi kwana takwas a hanya. Tara ne kaɗai suka taka ta duka, cikinsu har da alƙalin, yana da shekara 55.

Gani ya kori ji. Jaridar ta sassauta matsayinta ta koma neman a kiyaye kanal ɗin, amma fa kada a ɗauka tafiyar kwana takwas ce ta gama maganar. Sai da aka ƙara shekara 17 ana kai ruwa rana a majalisa, waɗanda suka yi tafiyar suna sake taruwa kowace shekara don kada zancen ya mutu. Shugaba Eisenhower ya sa wurin cikin kayan tarihin ƙasa a 1961, sa'an nan Shugaba Nixon ya sa hannu a dokar da ta mai da shi gandun tarihi na ƙasa a watan Janairun 1971. A yau mutane fiye da miliyan huɗu ne ke shiga gandun a shekara, wasu da ƙafa, wasu da keke, wasu bisa doki, kuma doka ta hana mota da babur bin turbar. Tun daga 2013, da aka kammala wata hanya ta mil 150 bisa tsofaffin layukan dogo daga Cumberland zuwa Pittsburgh, mai keke na iya tashi daga Washinton ya yi tafiyar kusan mil 335 kusan ba tare da ya haɗa hanya da mota ba.

Don mu ga abin da wannan ke nufi ga talakan gari, sai mu tsaya a Hancock, wanda ke daidai mil na 124 daga Washinton. Gari ne na mutum wajen 1,500, a wurin da Jihar Maryland ta fi ko'ina tsukewa, faɗinta bai kai mil biyu ba tsakanin Pennsylvania a arewa da West Virginia a ƙetaren kogi. A da garin ya ci abinci da kanal, da dogo, da gonakin tuffa, da wata masana'antar siminti da ke yamma da shi kaɗan, wadda kufanta ke nan tsaye a bakin turbar. Duk waɗannan sun shuɗe ko sun ja baya, manyan titunan mota biyu da suka haɗu a bakin garin kuwa wucewa suke yi da matafiyi cikin 'yan mintoci. Wanda ke tsayawa shi ne mai keke, domin bayan mil arba'in ko hamsin yunwa ta kama shi, tayarsa na bukatar gyara, yana kuma neman wurin kwana. Mai abinci da mai gyaran keke da mai masauki a ƙaramin gari sun fi samun ciniki daga mutum goma da suka zo da ƙarfin ƙafarsu bisa ga motoci dubu da suka wuce da gudu.

Wanda ya kwana a Hancock yana da zaɓi. In ya yi gabas, tafiyar mil goma sha biyu za ta kai shi wata tsohuwar ganuwar soja ta dutse da aka gina a 1756, ana kiranta Fort Frederick. In ya yi yamma, ya wuce kufan masana'antar siminti, ya shiga daji mai yawan barewa, kogi na hagunsa, busasshen kwarin kanal na damansa, har bayan mil talatin ya isa ramin Paw Paw, inda zai sauka ya tura kekensa cikin duhu da fitila a hannu. Kowane 'yan mil akwai fili da aka keɓe don matafiyi ya kafa tantinsa ya kwana kyauta. Har ila yau akwai wani tsohon layin dogo da aka cire wa ƙarafa aka malala masa kwalta, tsawon kimanin mil 28, wanda ke tafiya kafaɗa da kafaɗa da turbar ya ratsa ta cikin garin. Mai son santsi ya bi kwalta, mai son ƙasa ya bi ƙasa, da yawa kuma sukan tafi ta ɗaya su komo ta ɗayar.

Sai kuma maganar keken. Abin da ake yayi yanzu a irin waɗannan hanyoyi shi ne wanda za mu kira keken burji. In ka hango shi sai ka ce keken tsere ne, saboda kansa a lanƙwashe yake zuwa ƙasa kamar ƙahon rago, kuma ba shi da nauyi. Bambancin yana ga taya. Tayar keken tsere siririya ce, faɗinta milimita 25 zuwa 30, ana kuma cika ta da iska tam. Ta keken burji kuwa takan kai milimita 35 zuwa 50, kuma da gangan ake rage mata iska. Dalili shi ne, taya mai tauri in ta haɗu da tsakuwa sai ta yi tsalle, ƙarfin mahayi ya tafi a banza wajen girgiza jikinsa, amma mai faɗi mai taushi lotsawa take yi ta haɗiye tsakuwar ta wuce. Yawancinsu ba a sa musu tib a ciki, wani ruwan roba ake zubawa cikin tayar, wanda in ƙaya ta huda ta sai ya bi ramin ya daskare ya toshe shi. Birkinsu na faifai ne a tsakiyar ƙafa, don haka taɓo ba ya hana shi kamawa, kuma a jikin keken akwai wuraren ɗaura goran ruwa da jakunkuna.

Wannan yayi bai daɗe ba. A 2006 mutum 34 ne suka taru a garin Emporia na Jihar Kansas suka yi tseren mil 200 a hanyoyin tsakuwa na karkara, tseren da a yau dubban mutane ke shiga, kuma a 2022 hukumar tseren keke ta duniya ta shirya gasar duniya ta farko ta irin wannan hawa a Italiya. Kamfanoni sun ga kasuwa, har akan sayar da keken burji guda a kan dubban daloli. Amma ga wani abu da ya kamata ɗalibi ya lura da shi. Tsohon keken nan baƙi na Raleigh ko Phoenix, wanda kakanninmu suka yi fatauci da shi, malaman makarantar firamare da malaman gona suka zaga ƙauyuka da shi, faɗin tayarsa inci ɗaya da rabi ne, watau wajen milimita 40, daidai tsakiyar abin da masana keken burji suka tsaya a kai bayan dogon gwaji. Ya fi nauyi, ba shi da giya, amma a hanyar da ba ta da tudu wannan ba wata babbar illa ba ce. Da tsohuwar zuma ake magani.

To, mene ne darasin? A ganinmu darajar turbar nan ba ta cikin tsakuwarta. Tana cikin cewa doguwa ce, a haɗe take ba yankewa, ta jama'a ce, kuma an tsare ta daga abin hawa mai inji. Irin wannan dukiya sau ɗaya ake samun ta. Da an shimfiɗa titin a 1954, ko da an yanka filin an sayar wa masu gonaki gunduwa-gunduwa, babu kuɗin da zai sake haɗa mil 184 a bakin kogi a yau, domin sai an yi ciniki da dubban masu fili, kuma mutum guda in ya ƙi ya isa ya tsinke igiyar. Waɗanda suka so titin sun auna wurin ne da ma'aunin mota kaɗai, suka ga kufai. Da aka sa su suka taka shi da ƙafa sai suka ga wani abu dabam. Ma'aikacin da ke yanke hukunci a kan wurin da bai taɓa takawa ba, daga taswira da tagar mota kawai, yana iya yin ɓarnar da jikokinsa ba za su iya gyarawa ba, ko da kuwa da kyakkyawar niyya ya yi.

Mun san za a ce mana wannan zancen ƙoshi ne. Amurka ta gama gina titunanta ne kafin ta soma marmarin ƙasa, mu kuwa akwai ƙauyukan da mai naƙuda ke rasa ranta saboda mota ba ta iya shiga da damina, akwai tumatir da ke ruɓewa a gona don babu hanyar fitar da shi. Wannan magana gaskiya ce, kuma ba mu ce a bar ƙauye ko guda babu hanyar mota ba. Abin lura dai shi ne mutanen Hancock ba su zaɓi turba suka bar titi ba, suna da duka biyun, kowanne a muhallinsa. Abin da aka ƙi shi ne a ɗora titin a kan turbar don kawai nan ne ya fi sauƙi. Bugu da ƙari, a ƙasarmu masu tafiya da ƙafa da keke da jaki da amalanke sun fi masu mota yawa nesa ba kusa ba, saboda haka tanadar musu hanyar da babbar mota ba za ta ture su ba bukatar talaka ce kafin ta zama sha'awar mai hali.

Akwai kuma wata suka da ta fi wannan nauyi, wadda ta shafi masu keken burjin kansu. Turbar da aka yi don alfadari mai tafiyar mil biyu ko uku a awa, yau ga samari bisa kekuna masu tsada suna iya zabga mil ashirin a kanta, alhali ga tsofaffi masu tattaki, ga yara, ga masu kamun kifi. In ba a yi hattara ba, mai keke sai ya zame wa mai ƙafa abin da mai mota ya zame wa mai keke. Shi ya sa hukumar gandun ta ƙayyade gudu kada ya wuce mil 15 a awa, ta wajabta wa mai keke ya ba mai ƙafa da mai doki hanya, ya kuma buga ƙararrawa ko ya yi magana kafin ya wuce mutum. A Ingila ma, inda hukumar da aka kafa a 2012 ke kula da kanal da koguna na kimanin mil 2,000, ƙa'idar ita ce mai ƙafa ne a gaba. Mu muna tare da wannan ƙa'ida ɗari bisa ɗari. Wanda ke son tsere ya nemi filin tsere. Hanyar bakin ruwa ta wanda ya fi kowa rauni ce, sauran kuma su bi a hankali, sannu ba ta hana zuwa.

Kada kuma a ɗauka hanyar ƙasa ba ta cin kuɗi. Kogin Potomac bai daina halinsa ba, ya yi mummunar ambaliya a 1972 da 1985, ya kuma yi har sau biyu a 1996, kowane karo yana kwashe sassan turbar. Saiwoyin itace na ɓullowa, ramuka na cika da ruwa, kuma a 'yan shekarun nan sai da aka bi dogayen sassa ana kankare su ana zuba niƙaƙƙen dutse ana daddaɓewa. Abin da ya riƙe wurin shi ne kasafi na kowace shekara da kuma ɗimbin 'yan sa kai da ke fitowa da shebur da adda. Wannan ma darasi ne gare mu, mu da muka saba da bikin buɗe aiki, ba mu saba da gyaran kwalbati ba.

Yanzu sai mu waiwayo gida. Ba mu taɓa yin kanal na jan jirgi ba, amma muna da na ban ruwa. Madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, ita ke ba da ruwa ga babban aikin noman rani na Kogin Kano, wanda kanal-kanal ɗinsa suka ratsa ƙasashen Bunkure da Garun Malam da Kura, ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are da aka kafa a 1976. A gefen manyan kanal ɗin akwai hanyoyin burji da aka yi don ma'aikatan da ke duba ruwa da gyaran ƙofofinsa, kuma halayensu ɗaya ne da na turbar alfadarai: a baje suke, dogaye ne, a haɗe suke, kuma filin na hukuma ne. Kura ba ta fi tafiyar kilomita talatin da 'yan kai daga Kano ba a kan hanyar Zariya. Da yawa daga cikinmu mun ci shinkafar Kura da tumatirin Kadawa tun muna yara, mun karanta sunan aikin a littafin labarin ƙasa, wasunmu ma sun amsa tambaya a kansa a jarrabawa, amma ƙalilan ne suka taɓa tsayawa a bakin ruwan suka ga yadda ake raba shi.

Bambanci guda dai wajibi ne a riƙe shi. Kanal ɗin Maryland matacce ne, namu kuwa rayayye ne, abincin dubban gidaje ya rataya a kansa. Hanyar gefensa ta manomi ce da ɗan ƙwadago da mai amalanke da direban da ke kwasar kwandunan tumatir, kuma ba wanda ke da ikon ya ce a kore su don ɗalibi ya sha iska. Abin da muke nema a nan ya fi na Douglas sauƙi: a kiyaye waɗannan hanyoyi kada a bari a cinye su da gini ko noma har su tsinke, a riƙa bin su da gireda bayan damina, a dasa itatuwan inuwa inda saiwarsu ba za ta fasa bangon kanal ba, kuma duk lokacin da za a zana sabon aikin ban ruwa ko titin bakin kogi, a tuna da mai ƙafa da mai keke tun a kan takarda. Mun ga abin da ya sami badalar Kano da kududdufanta, yadda aka yi ta gutsurar su kaɗan-kaɗan, kowa na cewa ɗan nasa ba zai yi illa ba.

Yadda aka yi keke ya zube a idonmu ba ɓoyayyen abu ba ne. Kuɗin mai na shekarun 1970 da ƙarin albashin Udoji na 1975 su suka sauke ma'aikaci daga keke suka ɗora shi bisa babur da mota, tun daga nan hawa keke ya zama alamar wanda aka bari a baya. Ko da Ministan Sufuri Ojo Maduekwe ya yi ƙoƙarin farfaɗo da shi a 2001, dariya aka yi ta yi masa, har wata motar safa ta ture shi a Abuja yana kan kekensa, abin da ya nuna cewa wa'azin hawa keke ba ya wadatarwa in babu hanyar da mai keke zai bi ya tsira da ransa. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuwa, ɗalibai da ma'aikata da yawa sun koma wa keke a kan tilas, wasu suna hawa suna sunkuyar da kai. Babu abin kunya a ciki. Abin kunya shi ne mai ilmi ya rena abin da ya dace da ƙasarsa har sai ya ji Bature ya sa masa sabon suna da sabon farashi.

Saboda haka muna ba Ƙungiyar Ɗalibai shawara guda uku. Ta farko, a kafa ƙungiyar mahaya keke wadda ba za ta tambayi kowa irin kekensa ba, mai Phoenix da mai keken gwanjo da mai na zamani duk ɗaya, a kuma sami 'yan kekuna na haya don wanda ba shi da nasa, mata da maza. Ta biyu, sau ɗaya a kowane zangon karatu, musamman da sanyin hunturu lokacin da hanya ta bushe kuma noman rani ya kankama, a shirya fita ta yini guda zuwa bakin kanal ko kogin da ya fi kusa, bayan an nemi izinin hukumar da ke kula da wurin, an gai da dagaci da masu unguwanni, an kuma tabbatar da lafiyar hanyar daga bakin mutanen wurin. Ta uku, kada a komo hannu rabbana. Ɗaliban injiniya su rubuta inda bango ya tsage da inda ciyawa ta toshe ruwa, na aikin gona su tambayi manoman ƙarshen kanal ko ruwa na isa gare su, na labarin ƙasa su zana taswira, a haɗa duka a buga a wannan mujalla, a kuma aika wa hukuma da kwafe.

Wanda zai fita ya tafi da famfo da kayan faci, domin tsidau ba ya ragawa taya, ya ɗauki ruwan sha isasshe, ya kuma bar wanka a kanal, saboda ruwan ya fi yadda ake zato ƙarfi, gefensa na da santsi, ga kuma tsargiya. In an haɗu da garken shanu ko amalanke a tsaya a ba su hanya, in an ratsa gari a sauka a yi sallama, a sayi abincin rana a wurin mutanen garin maimakon a ɗauko daga birni, kada kuma a taɓa amfanin gonar kowa ko a ɗauki hoton mutum ba da yardarsa ba. Baƙo ne ɗalibi a wurin, kuma yadda ayarin farko ya yi shi zai sa a yi maraba da na biyu ko a rufe masa ƙofa.

Tafiya mabuɗin ilmi ce, in ji Hausawa, ba su kuwa ce sai ta jirgin sama ba. Nan gaba kaɗan wani daga cikin masu karanta wannan shafi zai zauna a ofis, a ajiye masa fayil a gabansa mai neman a ba da wani fili na bakin ruwa, ko a toshe wata tsohuwar hanya, ko a faɗaɗa titi a cinye gefen da masu ƙafa ke bi. Fatanmu shi ne kafin ya ɗauki alƙalami ya tashi ya je ya taka wurin, ya tambayi waɗanda ke bin sa kullum. Wannan shi ne ra'ayinmu, wanda kuma ke da ja a kai, filin mujallar nan a buɗe yake gare shi a fitowa ta gaba.